Babur ɗin da Zan Iya Ɗagawa

Kura, ranar Laraba, a watan bayan Ƙaramar Sallah, shekara goma sha takwas da ɓallewar dam ɗin Bagauda.

Zuwa ga uwargidana Iyatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da mai jego Bilkisu da maigidanta, da angonki Amiru, wanda bai yi wata guda a duniya ba ya ƙwace mini mata ya ajiye a Zariya. Ki faɗa masa aron kwana arba'in na ba shi. Yaya ƙafarki? Kada ki riƙa sauke tukunyar ruwan wanka ke kaɗai, na san halinki.

Malam Sada tela ne yake rubuta mini. Ya so ya sa shekarar Turawa a sama, na ce wanda bai san yaushe Bagauda ya ɓalle ba, ba shi nake rubuta wa ba. Ya kuma ce ga waya ta zo gari, me zai hana in kira ku. Na ce maganar waya ba a ajiye ta a ƙarƙashin matashin kai.

To ga abin da ya sa na rubuto. Ranar Litinin ta makon jiya da aka saki ruwa, na hau keke bayan asuba kamar kullum. Ban kai rabin hanyar Kadawa ba gwiwar hagu ta ce ba ta zuwa. Na sauka ina turawa. Kin san layinmu da safe ake ba shi ruwa, hantsi na yi a tare ruwan a juya wa na gaba. Na isa na tarar da laka kawai a kanal, da sawun ƙafar waɗanda suka riga ni.

Ban san wanda ya kai labari Kano ba, amma ran Juma'a sai ga babban ɗanki. Ya zauna ya sunkuyar da kai da ladabin nan nasa mai wuyar musu, ya ce wai lokaci ya yi da zan huta, akwai wani mai tumatir a Kwanar Gafan da yake son hayar gonar, a ba shi tun ba a wuce lokacin shuka ba. Iyatu, gonar nan tun ranar da ruwan Tiga ya iso aka sake rabon ƙasa take hannuna. Ni kaɗai na rage da zan iya tsayawa in nuna inda tsamiyar mahaifina take kafin katafila ta tuge ta. In ba ɗan haya, ya san tsamiya ne? Na ce masa gwiwa ce ta tsufa, ba ni ba.

Saboda haka na sayar da shinkafar damina, babur zan saya. Ki daina salati, na ji ki daga nan.

Majalisar ƙofar masallaci ta ɗauki maganar kamar su za su hau. Kusan kowa ya ce in sayi dogon nan irin na 'yan acaɓa, mai ɗaukar buhu biyu da mutum. Wani ya ambaci roba-roba, ɗan gajeren nan mara tanki a gaba, aka fashe da dariya, aka ce sai dai in haɗa da mayafi da jakar hannu, don malaman asibiti mata ne suke hawansa. Ni ma na yi dariyar, na ce mutumin da ya shekara talatin a kan keke ba ya komawa abin wasan yara. Dogo zan saya, ja. Abokina Dattijo na ruga kuwa yana ta goga asawaki yana kallona kamar saniyar da ba ta yi masa ba.

Yusuf makanike ya ce zai koya mini da nasa kafin in saya. Ki gaishe da kowa.

Naki,
Isiyaku Mai Keke.

Kura, ranar Lahadi.

Zuwa ga Iyatu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarku da ta ango. Saƙonki ya iso ta hannun direban bas ɗin Garun Malam, da man zafin da kika aiko na gwiwa, da maganar da kika ce a faɗa mini ba ragi, wato tsufana ya zo da gardama. An faɗa mini, a gaban mutane ma.

Kafin wani ya riga ni, gara ki ji daga bakina. Lafiyata ƙalau, ba karaya, ba targaɗe. Amma na faɗa kanal.

Bilkisu, na san ke kike karanta mata, in kin zo nan ki karanta ba dariya.

Kwana biyu Yusuf yana koya mini a filin bayan injin shinkafa. Tun hawa aka fara rigima. Sai na tattare riga, na ɗaga ƙafa kamar zan tsallake katanga, in na zauna kuma yatsun ƙafata ne kawai suke taɓa ƙasa. Yusuf ya ce in cire babbar riga, na ce ban taɓa zuwa gona ba riga ba, ba kuma zan fara don ƙarfe ba. Ya nuna mini hannun dama mai ne da birki, hannun hagu kuwa kuloci ne, ba birki ba. Ya faɗa ya fi sau goma. Na ce na ji, ni ba yaro ba ne.

Rana ta uku na ce filin ya ishe ni, a hanyar gona zan gwada. Muka hau gaɓar kanal, ni a gaba, shi yana bina da gudu a ƙasa. Wallahi Iyatu da daɗi. Iska tana shiga riga, gonaki suna wucewa, gwiwa tana zaune abinta kamar baƙuwa. Sai ga gangaren nan na kusa da 'yar gadar siminti, ga shanun Dattijo sun tare hanya suna shan ruwa. Kaina ya san abin da Yusuf ya faɗa, amma hannuna bai sani ba. Shekara talatin in zan tsayar da keke hagu nake matsewa, don birkin dama ya lalace tun kina goyon Bilkisu. Na matse hagu iya ƙarfina. Maimakon ya tsaya sai ya saki jiki ya ƙara gudu, yana kuka kamar ana yanka shi. Na ƙara matsewa. Shanu suka watse, ni da babur muka gangara cikin ruwa.

Ruwan iya ƙugu ne, sai dai babur ya kwanta mini a kan riga. Na ja, na tura, ko motsi. Ina zaune cikin ruwa ina kallon hulata tana tafiya Bunkure. Dattijo ne da Yusuf suka ɗaga shi. Da suka tsamo ni, Dattijo ya tambaye ni ko alwala ce na tsaya yi, ya ce Haɓe dai ba su iya hawa komai ba sai tabarma.

An yi dariya, ni ma na yi. Amma zan faɗa miki abin da ban faɗa a majalisa ba, Malam Sada kuma ya yi alkawarin riƙe bakinsa. Da nake zaune a ruwan nan na kasa zare rigata, na tuna ran Litinin da asuba ba Yusuf ba Dattijo a hanyar. Da ni kaɗai ne fa? Na ji tsoro, Iyatu. Rabona da irinsa tun ranar da muka ji ƙarar ruwan Bagauda.

Ɗanki ya sake zuwa jiya. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce mai tumatir yana jiran amsa, kuma alkama ba ta jiran kowa. Muka tsaya a kan magana ɗaya: Litinin ta sama, in na kai kaina gona da kayan ban ruwa, ba wanda ya ɗauke ni, ba wanda ya tsamo ni, an bar zancen haya. In na kasa, ni da bakina zan kira mai tumatir.

Ki sa ni a addu'a. Hular ba a same ta ba.

Naki,
Isiyaku.

Kura, ranar Lahadi, mako guda bayan waccan.

Zuwa ga Iyatu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ki da mai jego da duk mutanen gidan. An ce ango ya fara ƙiba, madalla, da kuɗin cefanena yake yi. Yaya ƙafar?

Na sayi babur. Yadda aka yi kuwa, ran Talata na je ruga in yi wa Dattijo godiya. Ya sa aka dama mini fura, ya bari na sha, sannan ya tambaye ni shekara nawa ina raka shi kasuwar shanu. Na ce tun ba a yi titin nan ba. Ya ce to na taɓa ganin ya sayi sa don an yaba ƙahonsa? Shi kafin ya yi ciniki sai ya karɓi igiya ya ja shi kaɗai, ya juya shi, ya ga ko zai iya da shi ranar da ba kowa a kusa. Ya ce ni kuwa na bar majalisa ta zaɓa mini, alhali ba wanda zai bi ni gona a cikinsu. Na ce Bafillace bai isa ya koya mini ƙarfe ba. Amma a hanyar dawowa na biya ta 'yar gadar siminti, na karya karan dawa daidai faɗinta.

Ran Laraba muka shiga Kano, ni da shi da Yusuf. Na tafi da karan, da damin bututan nan da muke jan ruwa da su daga kanal, da babbar rigata a jikina. Mai shagon ya tarbe mu da Alhaji Alhaji, ya nufi dogayen da ni. Na ce ya shimfiɗa buhu a ƙasa ya kwantar mini da jan can. Ya dubi Yusuf, Yusuf ya dubi sama. Ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin mai sayen babur ya fara da kayar da shi ba. Na ce ni faɗuwa na riga na iya, tashi nake son in gwada.

Aka kwantar. Na kama, na yi bismilla, na yi nishi har maƙwabtan shago suka taru. Bai tashi ba. Aka kwantar da wani baƙi, shi ma haka. Can a lungu ga roba-roba shuɗi yana tsaye shi kaɗai. Na ce a kawo shi. Dattijo ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa don dariya.

Iyatu, ɗagawa ɗaya ya miƙe. Na sake kwantar da shi na ɗaga, don kada a ce sa'a ce. Na zura ƙafa ta tsakiya ba tare da na tattare riga ba, na zauna, tafin ƙafata biyu suka kwanta a ƙasa. Na gwada karan dawa daga ƙafa zuwa ƙafa, ya yi saura, wato ko a tsakiyar gada zan iya tsayawa. Damin bututu ya zauna a gabana kamar don shi aka bar wurin. Sannan na duba hannun hagu, ba abin matsewa ko ɗaya. Yusuf ya ce wannan ba shi da kuloci, birkinsa a ƙafar dama da hannun dama yake. Na ce to hannuna ya matse iska in ya ga dama.

Mai shagon ya ce, Baba, wannan fa na mata ne. Na ce madalla, mata sun fi mu hankali, shi ya sa ban taɓa jin an tsamo malamar asibiti daga kanal ba.

Kwana huɗu ke nan ina koyo. Jiya na tsallake gadar sau uku, Yusuf yana nesa, hannunsa a aljihu. Sau ɗaya na kife a yashi, na tashi, na ɗaga abina, na hau. Ban gaya wa ɗanki ba, ke ma kada ki gaya masa.

Majalisa kam sun samu abin yi. Sun sa mini Hajiya Isiyaku. Shekaranjiya na tarar an rataya mini tsohon mayafi a madubi, na san kuma aikin Malam Sada ne, ga shi nan yana rubutu yana musu. Na karɓa, da shi nake goge sirdi. Amma gaskiya tun da na saya, ta bayan gari nake zagayawa don kada in wuce ta gabansu.

Keken ban sayar ba. Na wanke shi, na shafa masa mai, na jingine shi a zaure inda zan riƙa ganinsa.

Akwai abu ɗaya kuma. Da nake gwada tsayin sirdin a shago, ba gwiwata kaɗai na tuna ba. Rabonki da ganin gonar nan shekara shida, tun da ƙafarki ta hana ki hawa bayan keke. Wannan ko kujerar tsakar gida ba ta fi shi sauƙin hawa ba. Ranar da ango ya sake ki, ki ce direba ya sauke ki a bakin titi, ni zan zo. In alkama ta fito zan kai ki ki gani, in sake nuna miki wurin tsamiya, ki ce kin ji sau ɗari.

Gobe Litinin. Irin alkama yana buhu, bututu suna ɗaure, tanki a cike. In Allah ya kai mu, ina sallame asuba zan sa babbar riga in hau. Kuma ba ta bayan gari zan bi ba. Ta ƙofar masallaci zan wuce, lokacin da suke fitowa, a hankali, in danna musu oda sau biyu. Wanda yake da sauran dariya ya biyo ni Kadawa da ƙafa, zai same ni a bakin kanal ina jiran ruwa.

Naki har kullum,
Isiyaku Mai Roba-roba.