Hannuwan da Aka Ɗaga a Ajinmu

Sabo, Ibadan
Lahadi

Ƙanwata Nana Firdausi,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya. Ya karatu, ya Zariya? Inna na gaishe ki, ƙafarta da sauƙi.

Kin tambaye ni yadda za ki koyar da ire-iren mulki idan an tura ki gwajin koyarwa. Kin ce dimokuraɗiyya ita ce duk abin da masu rinjaye suka zaɓa. Haka yawancin mutane suke ɗauka. Ni dai ban cika bayani ba, kowane mako yaran da nake koyarwa suna gwada wani irin mulki daban. Makon sarauta Gambo ya zama sarki don ya girme su, shi ke raba shara da wurin zama. Yanzu makon soja ne. Kamal ya ƙwace sandar mulki daga hannun Gambo, ya hana surutu, ya hana sauya benci. Yara sun ƙosa a zo makon ƙuri'a, ni ma haka. Darasin 'yancin ɗan ƙasa sai a ƙarshe, yadda manhaja ta tsara.

Yayarki,
Sakinatu

Sabo, Ibadan
Juma'a

Nana Firdausi,

Sallama da fatan alheri. Ya jiki, ya ƙawayenki? Na san kin ji an yi faɗa tsakanin Hausawa da Yarabawa a wata kasuwa wajen Akinyele. Mu lafiya muke. Rumfar albasar mahaifin Hanzala, ɗan ajina, ta ƙone.

Kin tuna Mulikat, 'yar matar nan ta Mokola mai kawo mana garin rogo? Ita kaɗai ce Bayarabiya a ajin. Ran Laraba, cikin makon ƙuri'a, Hanzala ya kawo shawara a mayar da ita bencin baya ta zauna ita kaɗai. Duk ƙa'idar da na koya musu ya bi. Ya nemi izini, aka goyi bayansa, yawancin ajin suka ɗaga hannu. Ina tsaye da alli a hannuna. Na soke abin nan take, amma ta riga ta waiwaya ta ga hannuwan, har da na Ashatu da suke cin abinci kwano ɗaya. Ba ta yi kuka ba. Ta gama kwafar abin da ke allo, aka tashi ta tafi. Ba ta dawo ba.

Kamal ya biyo ni ya ce da na bar shi a kan mulki, da ba mai taɓa bencinta. Na ce ya koma aji.

Kada ki damu da ni. Ina zuwa makaranta, in kira suna, in dawo. Ko haushi ban ji ba.

Taki,
Sakinatu

Sabo, Ibadan
Talata

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Na ga saƙonki, na gode. Inna ta ce ki riƙa cin abinci.

Na hau keke na je Mokola. Mahaifiyar Mulikat ta ba ni ruwa, ta yi ta godiya, ta ce sun samo mata wata makaranta. Yarinyar ba ta fito ba. Littafin da na ara mata ta aiko mini.

Jiya na yi darasin da na ajiye. Na karanta musu babi na huɗu na kundin tsarin mulki: ɗan ƙasa na da 'yancin zama ko'ina a Nijeriya, kuma ba a ware shi saboda ƙabila ko addini. Na ce waɗannan ba abin da yawan hannu ke ƙwacewa ba ne. Na gaya wa Hanzala wannan babin ne ya ba mahaifinsa damar zama da neman abinci a nan, kuma waɗanda suka ƙona rumfar su ma sun fi yawa a ranar. Ya sunkuyar da kai. Kamal kuma na ce masa sojan da ya tsare bencinta yau, in ya ga dama gobe ya kore ta, ba kuma wurin kai ƙara. Sun rubuta duka. Muryata nake ji kamar ta wata.

Ashatu tana ajiye jakarta a wurin Mulikat don kada wani ya zauna. Ban hana ta ba.

Ki gwada makonnin nan da 'yan ajinki, suna koyar da abin da allo ba ya koyarwa. Amma tun ranar farko, kafin kowa ya ɗaga hannu, ki sa su faɗi abin da ba za a taɓa yi wa ɗan aji ba, ko da shi kaɗai ya rage a gefe guda.

Allah ya ba ki sa'a.

Yayarki,
Sakinatu