Ni Mataki na Huɗu, Ita na Ɗaya

Talata, 30 ga Afrilu, 2024

Na faɗi a aji. Haka suka ce. Ni dai abin da na sani, ina rubuta lissafi a allo, sai na farka a ofishin shugaban makaranta an cire mini hula, wandona a jiƙe. A gaban yara arba'in da bakwai. Shekara goma sha tara ina koyarwa a Yako, ko tuntuɓe ban taɓa yi a gaban ɗalibi ba.

Matata Kulu ta ce ciwon kan nan ne da nake ɓoyewa tun azumi. Wa ya tambaye ta?

Alhamis, 9 ga Mayu

Asibiti, Kano. Sun cusa ni cikin wata na'ura mai ƙara kamar injin niƙa, wai hoton ƙwaƙwalwa. Da aka kira ni ɗakin likita, wa zan gani? Bahijja. Bahijja Ukasha, 'yar mai facin keke, mai zama a bencin baya, wadda na taɓa sa ta durƙusa a rana don ta kasa rabawa da bakwai. Ta miƙe ta rusuna, "Malam, ina wuni." Na amsa a ciki.

Ta ɗaga hoton ta nuna mini wani farin abu kamar ƙwan zabo a ɓarin dama. Ƙari ne, in ji ta, daga naman ƙwaƙwalwar ya tsiro, ana ce masa giliyoma. Matakansa huɗu. Ba a sanin na mutum wanne ne sai an buɗe an ciro an kai gwaji. Na ce a kira mini babban likita. Ta kira shi. Abin da ta faɗa shi ya maimaita, sai dai shi da Turanci.

Juma'a, 10 ga Mayu

Hannun hagu ya saki buta a wajen alwala. Babu wanda ya gani.

Lahadi, 12 ga Mayu

Gida ya cika da 'yan dubiya. Kowa ya shigo sai ya kalli kaina kafin ya kalli fuskata. "Allah ya sa kaffara ne, Malam Mujitaba." Amin, ku tashi ku ba ni wuri.

Yaya Sabo ya zo da wani mutum da kasko da turaren hayaƙi. Wai iska ce ta shafe ni a hanyar gona. Ya ce, "Ba a fafe kan ɗan Adam kamar duma, ni ne babba, ban yarda ba." Na ce, Yaya, kan naka ne ko nawa? Ya ce na yi masa rashin kunya a gaban mutane. Na yi ɗin.

Da ban yanke shawara ba. Yanzu na yanke. Za a yi aikin.

Litinin, 27 ga Mayu

An yi, ranar Laraba. Sun aske ni rabi, sun ɗinke ni kamar buhun masara. Bahijja ta ce sun cire mafi yawansa, ba duka ba, saboda yana da jijiyoyi da suka kutsa cikin lafiyayyen nama, in aka bi su sai a bar ni ba hannu ba ƙafa. To me aka yi ke nan? Ciyawar da aka sare aka bar saiwa, ko yaro ya san ƙarshenta.

Kulu na zaune a gefen gado tana ta yi mini fifita. Na ce ta daina, ta daina. Na ce zafi nake ji, ta ci gaba. Wannan haƙurin nata shi ya fi ba ni haushi.

Alhamis, 6 ga Yuni

Sakamako ya fito. Mataki na huɗu.

Na ce wa Bahijja ta faɗa mini da lamba, ni malamin lissafi ne, ba na son kwana-kwana. Ta faɗa. In na yarda da gashi, wato a riƙa haska wurin da na'ura sau talatin cikin mako shida, a haɗa da ƙwayoyi, yawancin masu irin nawa suna kai shekara guda zuwa shekara da rabi. Wasu kaɗan su zarce sosai. In ban yarda ba, watanni ne ƙalilan. Warkewa kam, ta ce ba za ta yi mini ƙarya ba. "Amma Malam, lambar ta taron jama'a ce, ba ta mutum ɗaya ba ce. Kai ka koya mana haka."

Yarinyar da na koya wa lissafi ta zauna tana lissafa mini kwanakina. Na ce ba zan yi ba. Ba za a gasa ni kamar tsire don a ƙara mini damina ɗaya ba. Ta ce in je in yi tunani, amma kada in daɗe. Na fita ban yi mata sallama ba.

Asabar, 8 ga Yuni

Na yi jifa da kwanon tuwo, ya sami Kulu a gwiwa. Wai gishiri ya yi yawa. Bai yi ba.

Ta tsince kwanon ta ce likita ta gargaɗe ta, ciwon da maganin kumburin suna sa faɗa. Wato ko fushina ma yanzu ba nawa ba ne, na ƙari ne. Sun ƙwace komai.

Lahadi, 16 ga Yuni

Sallah. Ban je idi ba. Hula ba ta zama a kan ɗinkin.

Laraba, 26 ga Yuni

Na sake faɗuwa ranar Litinin, a tsakar gida. An dawo da ni asibitin, an ƙara mini maganin farfaɗiya.

Yau na fito baranda shan iska, sai ga Maikano a kan benci. Na ɗauka idona ne. Maikano, mai rugar da ke bayan gonata a da, wanda shanunsa suka cinye mini masara tana goyo shekara uku da suka wuce, ya tsaya gaban dagaci ya rantse ba nasa ba ne. Ni na rubuta takardar ƙorafi, na bi gida gida aka sa hannu, har aka tashe su suka koma wajen Burumburum. Ban yi nadama ba, yanzu ma ban yi ba.

Wata yarinya na jingine a jikinsa, ba za ta wuce shekara takwas ba. Ta tashi za ta sha ruwa, tana tangaɗi kamar ɗan maraƙin da aka haifa yau, ya riƙo ta. Ya gan ni. Ya ce, "Malam, sannu da jiki." Na wuce.

Alhamis, 27 ga Yuni

Kulu, uwar son mutane, har ta ƙulla zumunci da uwar yarinyar a wajen wanke kwanuka. Yarinyar 'yar Maikano ce, sunanta Dije. Wata biyar tana amai da safe da ciwon kai, an yi ta ba ta maganin shawara. Ita ma giliyoma ce, a ƙeya.

Da Bahijja ta zo zagaye, ta ce Maikano ya ce ba zai sa hannu a yi mata aiki ba sai ya ga mutumin da aka buɗe wa kai ya tashi yana magana. Ko zan yarda ya gan ni? Na ce ni ba abin nuni ba ne a kasuwa. Na tambaye ta, na yarinyar ma irin nawa ne? Ta ce uban ya ba ta izinin faɗa: a hoto ya yi kama da mataki na ɗaya, irin wanda ya fi kama yara, sai gwaji ya tabbatar. Irin wannan yana zama a dunƙule, ba ya yin saiwa. In aka cire shi duka, fiye da tara cikin goma suna girma, su yi aure, su tsufa. In aka bar shi zai toshe hanyar ruwan kai, ta makance ko ta mutu.

Suna ɗaya, ciwo ɗaya. Ni na huɗu, 'yar Maikano na ɗaya. Astagfirullah, hassadar yarinya 'yar shekara takwas na yi. Na rubuta don gaskiya ne.

Juma'a, 28 ga Yuni

Da hantsi Kulu ta shigo da sauri ta ce sun naɗe tabarmarsu, gida za su. Na ce Allah ya raka taki gona. Sai kuma na tsinci kaina a baranda, ba takalmi.

Na tarar da shi a bakin ƙofa ya saɓa yarinyar a kafaɗa. Na tuɓe hula na tura masa kaina har hancinsa. Na ce, ga shi, kalla da kyau, an fafe, ga ni ina zaginka. Ni an ce mini shekara ɗaya, ita an ce sittin, kai kuma za ka kai ta ruga ka binne. Ka yi rantsuwar ƙarya a kan masara, yanzu za ka yi a kan 'yarka ka ce ƙaddara ce. Mutane suka taru. Na san na faɗi abin da ya fi haka muni, ba zan rubuta ba.

Bai ɗaga murya ba. Mutanen nan ba sa ɗagawa, shi ya sa suke cin mutum. Ya ce, "Malam, matarka ta gaya wa tawa kai ma ka ƙi sauran maganinka. In ka yarda da su, me ya hana ka? In ba ka yarda ba, don me zan ba su Dije?"

Na sha kaye. Ni, a gaban Maikano.

Na ce wa ya ce na ƙi? Na ce a kawo takardar yanzu. Bahijja ta kawo biyu. Na sa hannu a tawa ina kallonsa. Ya daɗe yana kallon ɗinkin kaina, sannan ya dangwala yatsa a tasa.

Don kada ya ce ya fi ni na yi, ba don komai ba. Kulu kuwa za mu gauraya, mai bakin ganga.

Laraba, 3 ga Yuli

Yau aka shiga da yarinyar ɗakin tiyata. An sallame ni tun Litinin, muna gidan ƙanwar Kulu a cikin gari, amma na zo karɓar magani. Layin maganin ya yi tsawo, shi ya sa na kai la'asar. Awa shida ana aikin. Maikano ya zauna a wancan ƙarshen bencin, ni a wannan.

An fito da ita. Sun ce ya fita duka.

Litinin, 8 ga Yuli

Gashi na farko. Suna rufa wa mutum wata raga a fuska su ɗaure shi da gado, kada ya motsa. Minti goma, ba zafi, ba komai. Ƙwayoyin ne ke tayar da zuciya. Saura ashirin da tara.

Asabar, 20 ga Yuli

Gashin kaina na ɓarin dama ya zube a kan matashi. Fuskata ta kumbura kamar alkaki ya sha ruwa. Yaya Sabo ya bugo waya ya ce ya sa an nome mini gona, masara ta yi kyau. Na ce ban roƙe shi ba. Ya ce ya sani.

Gwajin yarinyar ya fito, na ɗaya ne. Kulu ce ta faɗa, ni ban tambaya ba.

Juma'a, 16 ga Agusta

Talatin. An gama. Za a ci gaba da ƙwayoyi kwana biyar a kowane wata, hoto duk bayan wata uku. Bahijja ta ce wurin ya lafa, a yanzu. Kullum sai ta ƙara "a yanzu". Na ce mata har yau ba ta iya rufe jimla ba. Ta yi dariya ta ce, "Malam, laifin malamin Hausa ne, ba naka ba." Yarinyar ta iya aikinta. Ban gaya mata ba.

Talata, 17 ga Satumba

An koma makaranta ba ni. Hannun hagu ba ya ɗaura maɓalli. Kulu ke ɗaura mini. Jiya na ce mata sannu, ta tsaya tana kallona kamar na yi wani yare.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Ana karyar masara. Ina zaune a zaure sai ga babur ya tsaya, Maikano da matarsa da yarinyar, tun daga Burumburum. Ta sauko da ƙafarta. Ta tako har gabana ba mai riƙe ta, ɗan karkacewa kaɗan, kai a ɗaure da ɗankwali. Ta durƙusa ta ce, "Baffa, ina wuni." Ba ni ne baffanta ba, amma ba a barin gaisuwar yaro a ƙasa.

Shi ya tsaya daga waje, riƙe da sanda. Bayan an gaisa ya ce, "Malam, shanun da suka ci masararka nawa ne." Na ce na sani. Ya ce, "Na san ka sani." Ya kamata in ce wani abu a kan takardar da na rubuta. Na buɗe baki, sai na ji ina tambayarsa ko yarinyar tana zuwa makaranta. Ya ce a'a. Na ce jakanci ne a gyara wa yarinya kai a bar shi ba komai a ciki. Na sa Kulu ta ɗauko littafin lissafi na 'yan aji ɗaya da fensir. Na nuna mata ɗaya zuwa goma. Bakwai ɗinta a juye take rubuta shi. Na ce su dawo da ita bayan mako biyu in duba, in ina nan. Ya ce ina nan, in sha Allah. Shi wa ya gaya masa?

Na ce ya shigo daga ciki, Kulu ta shimfiɗa tabarma. Rana ce ta yi zafi a waje, shi ke nan. Sun kai har la'asar. Ni na ja sallar.