Baba Mai Lambu Bai Faɗi Ba

Cikin alhini da ƙunar zuciya, Ƙungiyar Ɗalibai Mata Masu Dashen Itatuwa ta samu labarin rasuwar ubanmu, malaminmu, jagoranmu, Baba Mai Lambu, wanda ya cika jiya da hantsi a gadon asibiti sakamakon abin da hukumar cibiyar bincike ke kira "faɗuwa", alhali mu bakwai muna tsaye da butocin ban ruwa a hannu, kuma ba faɗuwa muka gani ba.

Shekara talatin marigayin ya yi yana renon itaciyar nan ta bakin rijiya, wadda aka samu daga auren itatuwa biyu, kamar masoyan da aka hana juna suka haɗu a ɓoye, wadda yau kowace gona ke da irinta, amma har yanzu masana ba su daidaita kan sunanta na kimiyya ba. Mai girma Shugaban Sashe ya ce sunan da ya raɗa ne ya fara fita a takarda, mai girma Mataimakinsa ya ce nasa ne. Baba, bawan Allah, da ba ya son ran kowa ya ɓaci, sai ya rubuta suna ɗaya a gaban allon ƙarfen da ke gindin itaciyar, ɗayan a baya, yana juyawa gwargwadon wanda ya shigo, yana ce mana ita dai ruwa take sha, ba suna ba.

Ranar Talata Shugaba da Mataimaki suka shigo lambun tare. Aka ci kwalar juna, aka tattake tukwanen dashe, har Mataimaki ya tumɓuke allon daga ƙasa ya kai wa Shugaba sara da shi, Baba ya shiga tsakani, gefen ƙarfen ya tsaga masa kai daga goshi zuwa kunne. Jini ya cika mana kwalbati. Su kuwa, wallahi, ba su daina gardama ba sai da muka kurma ihu.

Muna miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinsa, Inna, da 'ya'yansa biyar. Allah Ya jiƙansa, Ya ba ku juriyar wannan rashi.

Inna, an ce mu yara ne, mu yi shiru. Ni da ko a aji ba na iya ɗaga ido, na kai sunana ofishin 'yan sanda a matsayin shaida yau da safe, sauran shidan suna bayana.

Sa hannu,
'Yar Shiru
Sakatariya kuma Mai Magana da Yawun Ƙungiya