Gwaibar Baba

Litinin, 6 ga Mayu
Dillali ya fasa mangwaro uku, biyu da tsutsa. Wai idan ɗiban gaba ya zo haka, motarsa ta daina tsayawa a lambuna. Mutumin da ko bishiya ɗaya bai taɓa dasawa ba!

Alhamis, 9 ga Mayu
Malamar gona ta zo ta rataye robobi a rassa, wai tarkon ƙuda. Shekara talatin ina sana'ar nan, yau sa'ar 'yar cikina ce za ta koya mini. "Kawu, nan gindin dutse akwai zafi, ƙudan 'ya'yan itace na saurin hayayyafa. Can sama sanyi ke karya shi." Na ce to, bari in ɗauki lambun a ka in hau da shi.

Lahadi, 12 ga Mayu
Autanmu ya sauko da kwandon mangwaronsa, ko tabo babu. Shi da ya zaɓi tsandaurin kan dutse ranar rabon gado, muna ta yi masa dariya. Wai yara ya kawo wa. Tsiya dai ya zo yi mini.

Alhamis, 16 ga Mayu
Malamar gona ta juye robobin tana ƙirga ƙuda ɗaya bayan ɗaya, ka ji rashin aikin yi. Na jikin gwaiba ya cika maƙil. Wai gwaibobin nan huɗu ke ciyar da ƙudan idan mangwaro ya ƙare, shi ya sa ba ya yankewa a nan. Shawararta a sare. Baba ne ya dasa su da hannunsa. Na ce ta bari sai ta yi lambunta.

Asabar, 18 ga Mayu
Na fasa gwaiba ɗaya don in ƙaryata ta. Allah wadaran ƙuda.

Laraba, 22 ga Mayu
Dillali ya wuce ni ya hau sama wajen Auta, har da ɗago mini hannu ta taga, munafuki. Abin ya yi mini ciwo, ba ƙarya. Bana ta tafi. In na zauna haka, baɗi ma ta bi ta.

Juma'a, 24 ga Mayu
Gatari kawai na aika Auta ya ara mini, sai ga shi da kansa. "Yaya, kawo in taya ka." Na ce me ka sani a sara? Uku na kayar ni kaɗai. Ba don maganar yarinyar nan ba, dama sun tsufa. Da na zo kan ta huɗun, wadda Baba ke kishingiɗa a gindinta, na miƙa masa gatarin, na ce kafaɗata ce ta riƙe. Ya karɓa. Na juya baya har ta faɗi.