Ashe NEPA Ce Ke Rufa wa Kwamfuta Asiri

Gyadi-Gyadi, Kano.
9 ga Maris, 2004.

Zuwa ga Yaya Saratu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara a can Jidda. Allah Ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma faɗan da ta saba. Wutar da 'yan siyasa suka yi mana alkawari tun komawar soja bariki kuwa, har yau muna zuba ido.

Yaya, albishirinki! Inbata mai ajiye wutar nan da kika aiko wa Baba don shagonsa na hoton ciki ba ta da laifi ko kaɗan. Kin san tun da muka haɗa ta, kwamfutar ke daskarewa ana tsakar duba mai ciki, har mata suka fara komawa wani shagon a Tarauni. Baba ya ce a cire ta, wai kin yi mana gyaran gangar Auzinawa. Abin ya yi mini ciwo, na roƙe shi ya ɗan dakata.

Na bi diddigi har cikin manhajar da ake kira direba, wadda ke zana hoto a fuskar kwamfuta. Duk hoton da aka buɗe sai ta ari wuri a ma'ajiyar kwamfutar, in an rufe ta mayar. Ashe ba ta mayarwa, kamar maƙwabciya mai aron kwano. In wuri ya ƙure aka nemi abin, sai ta ce tana amfani da shi, nan take kwamfuta ta daskare. Ciwon ya daɗe. A da NEPA kan ɗauke wuta, kwamfuta ta mutu, ta tashi da ma'ajiya fes kafin ta cika. Wutarki da ba ta yankewa ce ta tona asiri! Da na gano layin umarnin mayar da aron da masu manhajar suka manta, ihun da na yi sai da Inna ta fito da ludayi a hannu. Na gyara, na aika musu gyaran.

Jiya Uwani matar Bello tela, wadda ta tafi da fushi kwanan baya, ta dawo ta ga 'yan biyunta suna motsi, hoto bai tsaya ba. Baba ya ce in faɗa miki ya yi gaggawar ɗora wa inbatarki laifi, Allah Ya yi miki albarka. Wallahi sai da na yi ƙwalla.

Ki gaida Malam Hamza da Basira da ƙaramin Aliyu. Inna da Kande suna gaishe ku.

Ƙaninki,
Isyaku.