Ranar da Na Bar Wanki Na Tafi Fada

Manila, Maris 1957

Nanay, mahaifiyata,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafarki? Yaya babana Tatay da 'yan'uwana su Iluminada? Ni lafiya lau nake.

Kun ji jirgin saman Shugaba Magsaysay ya faɗi, ya rasu. Na je fada na yi wa gawarsa ban kwana. Muka yini a layi, manoma da direbobi da masu wanki irina, wasu ko takalmi babu, amma ba wanda ya kore mu, don shi ya saba mana da shiga gidan nan. Wata tsohuwa a bayana ta ce, "'Yar nan, kin san shi ne?" Na ce, "A'a Kaka, rijiyar da ya sa aka haƙa mana dai muke sha." Ta ce, "To ai kin san shi."

Da na dawo, uwar ɗakina ta ce, "Perfecta, mamacin ne zai wanke mini kayan?" Ta sallame ni. Ina wajen gwaggona Tiya Soling kafin in samu wani gidan, kuma ina cin abinci. Kada ki gaya wa Tatay tukuna.

Ban yi nadama ba, Nanay. Ranar Lahadi ki kunna masa kyandir a coci da sunana.

'Yarki,
Perfecta