Gitar da Kafinta Ya Ƙera Mini

Zuwa ga Yayana,

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya. Yaya ƙafar Inna, tana iya takawa kuwa? Yaya Anti da yara? Ka yi haƙuri da shirun wata huɗu da na yi muku. Ina nan lafiya.

An sauya mini aiki a masana'anta. Na bar wajen injin yanka, yanzu ina sito, ina rubuta lamba a jikin kwalaye. Wuni guda sai in yi ban yi magana da kowa ba, in banda direban da ke zuwa ɗaukar kaya. Abokin zamana ma ya yi aure ya tashi, ɗakin ya yi mini girma. Tagar ɗaya ce, kuma bangon maƙwabta take kallo.

Ga labarin da ya sa na ɗauki biro: na samu gita, mai amfani da lantarki. Ba ta kanti ba ce. Wani tsohon kafinta ne ya ƙera mini, a wani lungu bayan tashar bas. Gyaran kujeru yake yi a gaban shago, a ciki kuma yana ƙera gita, uku ko huɗu a shekara. Gangar jikinta daga ƙofar tsohon kabad ya fitar. Ɗan ƙarfen da ke ɗaukar sauti kuwa, da kansa ya naɗa masa wayar tagulla a kan tsohon keken ɗinki. Babu fenti, babu suna, mai kawai ya shafa mata, har yanzu ɗakina ƙamshin katako yake. Tana da nauyi, amma in ka taɓa tsirkiya ɗaya sai sautin ya daɗe bai mutu ba.

Na fara koyo daga farko, a hankali. Ka gaishe da kowa.

Ƙaninka,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Amsarka ta iso, na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa, ban ko cire takalmi ba. Na ji daɗi da Inna ta samu sauƙi.

Ka tambaye ni yadda mutumin da ka koya wa kiɗa tun yana ɗan shekara goma zai ce yana koyo daga farko. Dama na san ba za ta wuce ka ba. Yaya, injin ya ɗauke mini yatsu biyu na hannun hagu, na tsakiya da na kusa da shi. Shi ya sa aka mai da ni sito. Kwana goma sha tara na yi a asibiti. Duk wanda ke ɗakin ana kawo masa abinci daga gida, ni kuwa sai in juya fuskata bango in yi kamar ina barci. Sau da yawa na ɗauki waya zan kira ka, sai in tuna Inna na kwance, in ajiye.

Da na fito, hannun ba ya barin aljihu. Wata ranar hutu ina yawo don kada in zauna a ɗaki, sai na ji sautin gita daga wani shago. Na tsaya a ƙofa. Tsohon ya ɗago ya ce, tsayuwar nan taka ta makaɗi ce, shigo ka gwada. Ya miƙo mini ita, dole na fito da hannun. Bai ce mini sannu ba, kuma wallahi na gode masa da hakan. Ya duba hagun, ya ce babban yatsa da manuni sun isa kaɗa tsirkiya. Sai ya ɗauko tef ya auna yatsun hannuna na dama, ya ce zai ƙera mini wata gitar a juye, hannun dama ya riƙa danna tsirkiya a wuyanta. Ya ce in dawo bayan wata biyu.

Abin da wuya. Kaina ya san waƙa, hannuna bai sani ba. Maƙwabciyata kuma ba ta son ƙara, saboda haka da abin sa wa a kunne nake yi. In ka leƙo sai ka ga mutum yana ta girgiza kai a ɗaki shiru. Duk ranar hutu ina kai ta shago, tsohon ya jona mini sifika, yana goge katako yana gaya mini inda na yi sauri. Shi kaɗai ya taɓa jin ta.

Don Allah kada ka gaya wa Inna tukuna.

Naka,
Auta

Yayana,

Ina gaishe ku duka, ina fatan kowa lafiya. Na gode da faɗan da ka yi mini, na cancanta.

Tsohon ya rufe shago. Ashe idanunsa sun daɗe suna dushewa, bai faɗa ba. 'Yarsa ta zo ta tafi da shi wajenta, nesa da nan. Gitata ce ta ƙarshe da ya ƙera. Ranar da ake kwashe kaya ya hana a taɓa sifikar, ya ce sai na zo. Na buga masa waƙar nan da ka fara koya mini a bayan gida, tun daga farko har ƙarshe. Sau uku na yi kuskure. Ya ce kuskuren nawa ne, amma zizar da yake ji a tsirkiya ta biyu tasa ce. Ya karɓi gitar, ya lalubo wurin da yatsa, ya goge da zarto ba tare da ya duba ba. Sai ya miƙo mini, ya ce in ɗauki sifikar ma, kuma in nemi masu sauraro, don ba a ƙera gita saboda kunne biyu ba.

Ranar hutun da ta biyo baya ƙafata ta kai ni lungun, na tarar ana yi wa shagon fenti. Na daɗe a tsaye, sannan na koma.

Na nemi hutun mako biyu, an ba ni, zan taso farkon wata. Zan zo da gitar ka ji. Abu ɗaya nake roƙo: ka zaunar da Inna ka gaya mata kafin in iso. Ka san in na durƙusa gaishe ta, hannuwana biyu take kamawa. Ba na son ta sani a lokacin.

Ka gaida Anti da yara.

Ƙaninka,
Auta